Yaya ake sa wa suɗaɗɗen kwabo maki, kuma a ina suɗewa take ƙarewa lalacewa ta fara?

Sabon_Mai_Tarawa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata a kan ƙasan ma'aunin makin kwabbai take. Ma'aunin ya tashi daga 1 zuwa 70, kowa kuma hankalinsa yana sama. To amma akwai masu tara kwabban da suka fi kowanne suɗewa, suna neman PO-1, wato maki 1 mafi ƙasa, ido rufe. Me ya raba PO-1 da FR-2 da AG-3 a ido? A ganina duk kwabon da ya kai wannan hali lalatacce ne kawai, bai kamata a ce yana da maki ba. A gyara mini idan ba haka ba ne.

Baba_Azurfa:
Wa alaikumus salam. Ɗana, suɗewa daban, lalacewa daban, kuma wannan fanni gaba ɗaya a kan wannan bambancin ya tsaya. Suɗewa ita ce ƙarfen ya zaizaye a hankali saboda yawo daga hannu zuwa hannu. Lalacewa kuwa wani abu ne ya auka wa kwabon: huda, lanƙwasa, kwarzane mai zurfi, tsatsa mai ramuka, ko gogewa da sinadari. Na farkon yana samun maki ko da 1 ne. Na biyun ba ya samun lamba ko da zanensa ya fito raɗau.

Matakan ƙasa kuwa ga yadda ake duba su. PO-1: fuska biyu sun shafe, bakin kwabon ya narke cikin fili, abin da ya rage sai inuwar hoton, amma dole a iya gane irin kwabon da shekararsa. FR-2: har yanzu a shafe yake, sai dai siffar hoton ta fito a zagaye kuma ana iya tsintar wasu haruffa. AG-3: yawancin rubutun yana karantuwa, amma bakin ya cinye kawunan haruffan da ke zagaye. G-4: rubutun gefe ya kusa cika, bakin ya ɗan taɓu a wasu wurare. G-6: baki cikakke ne a fuska biyu, tsakiyar hoton dai a shafe.

Ka lura da abu ɗaya: daga 1 zuwa 6, baki da rubutun gefe ake kallo, ba tsakiyar hoto ba. Tsakiyar ta riga ta tafi tun tuni.

MaiSikeli:
Ƙari a kan bayanin Baba. Ma'aunin William Sheldon ne ya fito da shi a 1949, kuma domin manyan kwabban senti ɗaya na Amurka na farko-farko ya tsara shi. Tunaninsa shi ne lambar ta nuna farashi: kwabo mai maki 4 ya ninka mai maki 1 sau huɗu. Wannan lissafin kasuwa ta daɗe da rusa shi, lambobin ne suka rage. A ma'aunin yau za ka ga babu 5, babu 7, an yi tsalle daga 4 zuwa 6 zuwa 8.

Sabon_Mai_Tarawa:
Na gode Baba, na gode Malam MaiSikeli. To idan haka ne PO-1 ya kamata ya fi kowane maki sauƙin samu, tunda shi ne mafi muni.

Hajiya_Tagulla:
A'a ƙanena, akasin haka ne, kuma dalilan a bayyane suke. Kafin kwabo ya kai PO-1 sai ya yi shekaru masu yawa yana yawo. A tsawon wannan lokaci dole ya tsira daga huda, daga faɗuwar da za ta lotsa masa baki, daga zama cikin ƙasa mai laima, daga mai wanke shi. Sannan bankuna da gidajen buga kuɗi suna janye waɗanda suka suɗe su narkar. Bayan duk wannan, sai an yi dace shekarar ta rage alhali sauran komai ya tafi. Tazarar ƴar kaɗan ce: idan suɗewar ta rage kaɗan, FR-2 ne, idan ta ƙaru kaɗan, shekara ta ɓace, babu maki kwata-kwata.

Akwai kuma irin da ba su yi yawo sosai ba tun asali. Dalar Eisenhower ta 1971 zuwa 1978 babba ce, mutane ba su so ɗaukarta ba. Rabin dalar Kennedy ta 1964 kuwa ɓoye ta aka yi ta yi, saboda tunawa da shugaban da kuma azurfar da ke cikinta. Samun irin waɗannan a sabunta abu ne mai sauƙi, samunsu a PO-1 shi ne aiki. PCGS, kamfanin tantance kwabbai, har rukuni ta ware a rajistarta domin masu gasar tara mafi ƙarancin maki.

Gilashi10:
Maganar shekara ita ce ƙashin bayan lamarin, bari in tsaya a kanta. Ba dole sai lambobi huɗun sun fito duka ba. Abin da ake buƙata shi ne a tabbatar da shekarar ba tare da kokwanto ba. A dalar azurfa ta Morgan, wadda aka buga domin yawo daga 1878 zuwa 1904 sannan 1921, lambobi biyun ƙarshe sun wadatar. Idan na farko biyu kaɗai suka rage, 18 ba ta gaya maka komai.

Wani lokaci ma ana gane shekara babu lamba ko ɗaya. Senti biyar mai hoton ɓauna: a farkon 1913 ɓaunar a kan tudu take tsaye, rubutun FIVE CENTS yana bisa tudun. Da aka ga rubutun yana saurin gogewa, a cikin wannan shekarar aka sassaƙe tudun aka sa rubutun a lungu. Saboda haka duk wanda ka gani da tudu na 1913 ne. Suɗaɗɗiyar Morgan mai harafin D a baya ta 1921 ce, domin a cikin na yawo gidan bugu na Denver a wannan shekarar kaɗai ya buga ta. Senti ɗaya na 1793 mai sarƙa a baya, fuskarsa takan shafe gaba ɗaya amma sarƙar ta tsaya, kuma babu wata shekarar da aka yi wannan zane.

Kwata_1916:
Malam Gilashi10 ya bar wanda ya fi ɗaukar hankali. Kwata, wato senti ashirin da biyar, mai hoton Liberty a tsaye, 1916 zuwa 1930. Shekarar a kan dandamali mai tudu aka sa ta, tana cikin wurare mafi tsawo a kwabon, shi ya sa ita take fara tafiya. Sai a 1925 aka nutsar da ita. Don haka idan ka ga wannan kwata a suɗe amma shekara ta fito sarai, yawanci daga 1925 zuwa sama ne.

Wanda babu shekara, fara juya baya. Idan akwai taurari uku a ƙarƙashin gaggafa, zane na biyu ne, daga 1917 zuwa gaba, kuma ba za ka iya fitar da shekararsa ba. Idan babu taurari a ƙasa, to ko 1916 ko farkon 1917. Na 1916 guda 52,000 kacal aka buga. Ana raba su ta lanƙwasar rigar a ƙasa kusa da ƙafa, da yadda kai ya shiga cikin adon da ya zagaye baki. Wannan sai ka ajiye hoton kowanne na gaske a gefe kana kwatantawa, kada ka dogara da ƙwaƙwalwa.

Hajiya_Tagulla:
Kuma kada a manta da harafin gidan bugu. Filadelfiya a wancan zamani ba ta sa harafi, to idan harafin ya goge, ta ina za ka san babu shi tun asali ko suɗewa ce ta cinye shi? A Morgan harafin yana ƙarƙashin ƙullin ganye, a wuri mai kariya, yakan daɗe. A senti goma na 1916 zuwa 1945 kuwa harafin yana dab da baki a baya, bakin yana narkewa sai ya haɗiye shi.

Dan_Kasuwar_Kwabbai:
A nan ne ake cutar mutane. Senti goma na 1916 mai D guda 264,000 aka buga, yawancin waɗanda suka rage kuma a AG-3 da G-4 suke. Masu zamba sukan ɗauki na Filadelfiya su liƙa masa D, su kuma fi son suɗaɗɗe domin datti yana rufe haɗin. A duba da gilashi mai ƙara girma sau 10: ko akwai layi siriri a gindin harafin, ko launin ƙarfen da ke kewaye ya bambanta, ko harafin ya fi abin da ke kusa da shi kaifi. Idan baki da ganyen kusa sun suɗe amma D tana tsaye kamar yau aka buga ta, a ajiye kwabon. Irin wannan, da Morgan ta 1893 mai S, harafin gidan bugu na San Francisco, kada a saya sai a cikin kwanson kamfanin tantancewa.

Sabon_Mai_Tarawa:
To me zai hana mutum ya ɗauki AG-3 ya goge shi da samfefa har ya koma PO-1?

MaiSikeli:
Ana yi, kuma ana kamawa. Samfefa tana barin layuka masu bin hanya ɗaya. Ka riƙe kwabon ta gefe a ƙarƙashin fitila ɗaya a ɗaki mai duhu, ka riƙa karkata shi kana juyawa, za ka ga layukan sun haska tare a kusurwa guda. Suɗewar yawo ƙananan tabo ne birjik da suka fuskanci ko'ina, tsofaffi a ƙarƙashin sababbi.

Masu amfani da injin goge duwatsu mai juyawa su ma suna barin shaida. Injin yana cin ko'ina daidai wa daida, har cikin lungunan haruffa da tsagin gefe, fuskar ta fito da ƙananan ramuka kamar an watsa mata yashi, bakin kuma ya zama mulmulalle. Hannu ba ya shiga lungu. Shi ya sa a kwabon azurfa na gaskiya za ka ga tudu ya yi toka-toka mai haske, lungu kuma ya yi duhu saboda daɗewa. Idan launi ɗaya ne fari fat daga baki zuwa baki, akwai magana. Wasu sukan bi da sinadarin sulfa su mayar da duhun, amma duhun nan yakan kwanta a kan tudu da lungu baki ɗaya.

Baba_Azurfa:
Akwai wanda ya fi wannan wuyar hukunci: kwabon aljihu. Mutum ya riƙa ɗaukar kwabo ɗaya tare da makullai da sauran tsaba shekara da shekaru. Ba inji, ba sinadari. Da yawa daga manyan dalolin da suka kai PO-1 ta wannan hanya suka kai. Ni a wurina suɗewa ce halastacciya muddin fuskar ba ta yi ƙyallin gogewa ba.

Gilashi10:
Baba, da girmamawa, ban yarda gaba ɗaya ba. Wanda ya ɗauki kwabo domin tunawa da wani abu har ya suɗe, na yarda. Wanda ya sa shi a aljihu da niyyar sauke masa maki, ƙera shi yake yi, sai dai a hankali. Abin da ke ba suɗaɗɗen kwabo ƙima shi ne ya yi aikin da aka buga shi dominsa.

Baba_Azurfa:
Mai tantancewa ba ya ganin niyya, ɗana, ƙarfe yake gani. Abin da ido zai iya kamawa shi ne kwabon aljihu yakan yi santsi da sheƙi fiye da kima saboda gogar tufafi, wani lokaci kuma a ƙi ba shi lamba a ce gogagge ne. Iyakar hukuncin ke nan.

Kwabon_Ingila:
Kun tsaya a Amurka. Ga mai son suɗaɗɗen kwabo, kwabon tagulla na Sarauniya Victoria fage ne babba. An fara buga shi a 1860, nauyinsa kusan giram 9.4, kuma ya ci gaba da yawo har 1971 lokacin da Ingila ta koma lissafin goma-goma. Wasu sun haura shekara 100 a hannun mutane. Shekarar tana baya, a ƙarƙashin hoton Britannia, matar da ke wakiltar Birtaniya, wurin yana da ɗan kariya, shi ya sa ake samun wanda fuska ta zama inuwa amma shekara tana karantuwa. A duba ƙaramin H kusa da shekara, alamar gidan bugu na Heaton da ke Birmingham, kamar a 1874 zuwa 1876, 1881 da 1882. A na Sarki George V akwai H a 1912, 1918 da 1919, da KN, alamar kamfanin King's Norton, a 1918 da 1919, a hagun shekara.

Abu ɗaya da ke ruɗa sababbi a kwabban George V na kafin 1926: inuwar kan sarki tana fitowa ta baya, Britannia kuma ta yi rauni. Wannan daga bugu ne, kan ya yi zurfi a hatimi, wato ƙarfen da ake buga kwabo da shi, ya janye ƙarfe daga ɗaya fuskar. Ba suɗewa ba ce, kada a rage maki saboda ita.

Hajiya_Tagulla:
Wannan batu na raunin bugu yana da muhimmanci ko'ina. Idan hatimi ya tsufa, ko maiƙo ya cika lungunsa, ko ƙarfin bugun bai isa ba, wani sashe yakan fito a shafe tun daga gidan bugu. Morgan da aka buga a New Orleans an san su da rauni a gashin saman kunne da ƙirjin gaggafa. Yadda ake ganewa: suɗewa tana tafiya tare, tana cin dukkan tudun fuska biyu gwargwadon tsawonsu. Idan rubutun gefe ɗaya ya ɓace amma bakin wajen cikakke ne, bugu ne. A matakan ƙasa sosai abin yakan haɗu, kwabo mai raunin bugu ya fi saurin kai wa PO-1.

Idan kuma fuska biyu ba su yi daidai ba, kamar gaba G-4 baya AG-3, wanda ake yawan gani a kwabban azurfa na Amurka masu zanen Barber na 1892 zuwa 1916, gaba ta fi nauyi a hukunci amma baya tana jan makin ƙasa.

MaiSikeli:
Sikeli shi ne abokin mai wannan fanni, wanda ke auna har kashi ɗaya cikin ɗari na giram. Nauyin asali: Morgan giram 26.73, rabin dala na azurfa 12.5, kwata 6.25, senti goma 2.5, senti biyar 5. Ƙaramin kwabo ya fi asarar kaso mai yawa, domin fuskarsa tana da faɗi idan aka kwatanta da nauyinsa. Senti goma da ya shafe zai iya sauka zuwa 2.3 ko ƙasa. Amma idan zane yana nan sosai nauyi kuma ya faɗi warwas, ko jabu ne ko asid ya ci shi. Wanda asid ya ci yakan sirance, faɗinsa ya ragu, zanen kuma ya rage a dushe ko'ina.

Tunda nauyi yana sauka da suɗewa, gwajin ruwa ya fi tabbas wajen sanin ƙarfen. Ka auna kwabon a bushe. Ka ɗora kofin ruwa a sikeli ka mayar da shi sifiri. Ka ɗaure kwabon da zare siriri ka nutsar da shi, kada ya taɓa gindi ko gefen kofi, kada kumfa ta maƙale masa. Ka raba nauyin bushe da abin da sikeli ya nuna. Azurfa mai kashi 90 cikin 100 tana ba da kusan 10.3. Misali Morgan mai giram 25.50 za ta nuna kusan 2.47. A ƙaramin kwabo gwajin ba shi da ƙarfi: senti goma mai 2.30, idan sikeli ya nuna 0.22 ka samu 10.45, idan ya nuna 0.23 ka samu 10.0.

Ɓauna_1913:
Me za ku ce game da sinadarin fito da shekara a senti biyar mai ɓauna?

Dan_Kasuwar_Kwabbai:
Sinadarin ferik kulorayid ne. Kwabon kashi 75 jan ƙarfe ne, 25 nikel. Lokacin bugu, ƙarfen da ke ƙarƙashin lambobi bai matsu daidai da na kewayensu ba, saboda haka sinadarin yana cin su da sauri daban-daban, sai shekarar ta bayyana. Amma yana barin tabo mai kaushi da ba ya fita, kuma daga nan kwabon ya bar sahun masu lamba har abada. Masu yi suna fatan cin karo da 1918 da aka buga a kan 1917 mai D ne. Kafin a ɗiga komai a juya baya: idan akwai tudu, an riga an san 1913 ne, ɗigawar asara ce tsantsa. A kuma gwada fitila daga gefe, kusan a kwance da fuskar kwabon, sau da yawa lambar ƙarshe takan fito ba tare da sinadari ba.

Hajiya_Tagulla:
Wanki gaba ɗaya a bar shi. Duhun da ke lungu shi ne shaidar da MaiSikeli ya ambata, kuma shi ne yake sa ragowar zanen ya fito. Ka wanke shi, ka rasa shaida ka rasa kyau. Abin da aka yarda da shi kaɗan ne: idan akwai kore mai danƙo daga jakar roba mai PVC, ko ragowar gam, a jiƙa a tsantsar asiton cikin kofin gilashi mai murfi na ƴan mintuna, a sake ɗaurayewa da sabon asiton, a bar shi ya bushe da kansa. Ban da na goge farce, yana da turare da mai. Ban da gogawa da auduga ko tsumma. A yi a wuri mai iska, nesa da wuta. Kore mai gari-gari a kan tagulla kuwa ciwo ne da gishirin kulorayid da laima ke haddasawa, yana ci gaba da cin ƙarfe, asiton ba ya maganinsa. A ware wannan kwabon daga sauran a ajiye shi a busasshen wuri.

Ajiya: kwali mai tagar robar Mylar, a danne ƙusoshin sitefula da filaya domin kada su karce na kusa, a sa jakar silika a akwatin. Karce ɗaya sabo mai sheƙi a kan fuskar PO-1 ya isa ya hana shi lamba, domin babu zanen da zai ɓoye shi.

Kwata_1916:
Ga mai son aikawa kamfani: PCGS ta fara a 1986, NGC a 1987. Idan kwabo na gaske ne amma yana da matsala, za su rufe shi ba tare da maki ba, su rubuta dalili. A lambobin dalili na PCGS, 92 wanki ce, 94 an taɓa fuskar, 95 karce, 97 ɓarnar muhalli, 98 lalacewa. Kafin ka biya kuɗin tantancewa ka tace da kanka: shekara ta tabbata, harafin gidan bugu ya tabbata, kwabon ya kwanta daidai a kan gilashi ba ya rawa, babu ramukan tsatsa, babu layukan goga. A matakan ƙasa sukan yi sassauci ga ƙananan tsofaffin tabo da suka suɗe tare da kwabon.

Sabon_Mai_Tarawa:
Na fahimci bambancin suɗewa da lalacewa yanzu, Allah ya saka da alheri. Amma iyakar PO-1 da FR-2 har yanzu ba ta fito mini ba. A ce Morgan ce, lambobi biyu na ƙarshe suna nan, taurarin gaba sun tafi, amma a baya ana karanta rabin ONE DOLLAR. Wanne ne?

Gilashi10:
FR-2. Rabin rubutu mai karantuwa ya yi wa PO-1 yawa.

Baba_Azurfa:
Ni sai na ga sauran bayan tukuna. Idan ONE DOLLAR ɗin gindin haruffa ne kawai ya rage, rubutun sama ya tafi, ganyen da ya zagaye gaggafa kuma ya haɗe da fili, zan ba shi PO-1, tunda gaba ta riga ta kai can. Idan ana iya ƙirga ganye ko ganin rabuwar fiffike, Gilashi10 ya yi daidai.

MaiSikeli:
Ka ɗauki hoto biyu na kowace fuska, ɗaya da fitila daga sama, ɗaya da fitila a kwance daga gefe, ka haɗa da nauyinsa da hoton tsagin gefe. Fitilar gefe tana fito da abin da mai tantancewa ba lallai ya ƙirga ba, don haka da hoton sama za mu yi hukuncin maki, na gefen kuma domin tabbatar da shekara da duba layukan goga.